Daga "Sak" Zuwa "Cancanta": Me Ƙuri'ar Jigawa Ta Tsakiya Ke Faɗa?

A zaɓen 2015 kalma ɗaya ta wadatar a rumfunan zaɓen Jigawa: sak. Wanda ya dangwala wa Buhari, sai ya bi da sauran 'yan takarar APC tun daga sama har ƙasa, ko da bai taɓa jin sunansu ba. Shekara takwas bayan nan labari ya sha bamban. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 Tinubu ya ci jihar da ƙuri'a dubu 421 da 'yan kai, Atiku na biye da shi da dubu 386, Kwankwaso kuma ya yagi dubu 98. A mazaɓar sanatan Jigawa ta Tsakiya, wadda ta haɗa Dutse, Kiyawa, Birnin Kudu, Gwaram, Jahun, Buji da Miga, Mustapha Khabeeb na PDP ne ya karɓe kujerar daga hannun APC. Mako uku kacal bayan haka, a zaɓen gwamna, Umar Namadi na APC ya doke Mustapha Sule Lamido da ratar da ta kusa dubu 250.

Mutanen nan dai su ne, rumfunan ma su ne. Abin da ya sauya shi ne sun fara auna kowace kujera da mudunta.

Dalili na farko a fili yake: babu Buhari a takardar ƙuri'a, don haka babu rigar da ɗan takara zai fake a ciki. Ga kuma wahalar canjin kuɗi da ƙarancin man fetur da suka faɗo ana dab da zaɓe, manomi na riƙe da buhun shinkafa a kasuwar Shuwarin amma babu mai tsabar kuɗin saya. Na'urar BVAS, wadda dokar zaɓe ta 2022 ta ba wa gindin zama, ta rage aringizon ƙuri'u. A zaɓen gwamna kuwa wani lissafi ne ya shigo. Masarautar Dutse ta fitar da Ali Sa'ad Birnin Kudu da Sule Lamido, Kazaure ta fitar da Saminu Turaki, Ringim ta fitar da Badaru Abubakar, Haɗejiya kuwa har zuwa lokacin ba ta taɓa ɗanawa ba tun da aka ƙirƙiri jihar a 1991. Namadi ɗan Kafin Hausa ne a masarautar Haɗejiya, kuma wannan ya yi aiki fiye da yadda masu yaƙin neman zaɓe za su yarda su faɗa a rediyo.

Akwai kuma tushe mai zurfi. Wannan yanki tsohuwar Jihar Kano ce, ƙasar NEPU da aka kafa a 1950 da PRP ta 1978. Dattawan ƙauyukan Birnin Kudu ba su manta da ranar da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali ba bayan hawansa kujerar gwamna a 1979, shekarar da Sule Lamido ya tafi Majalisar Wakilai a tutar PRP. Da Lamidon ya zama gwamna a 2007, ya fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 duk wata, ya kuma tara talakawa a Dutse a 2008 su faɗi kukansu a gaban masu mulki. Mutum na iya sukar mulkinsa ta fuskoki da yawa, amma ya dawo da tunanin cewa talaka haƙƙinsa yake karɓa, ba sadaka ba. Mai irin wannan tarbiyya ba ya jin kunyar juya wa jam'iyya baya.

Sai dai kada a yi saurin guɗa. Raba ƙuri'a zaɓi ne tsakanin waɗanda aka riga aka tsayar, kuma ba talaka ke tsayarwa ba. 'Yan daliget ne, a zaɓen fid da gwani, inda kowa ya san yadda ake cinikin. Dokar rage shekarun takara da aka sa wa hannu a 2018 ta buɗe wa matasa ƙofa a takarda, kuɗin fom ya rufe ta. Majalisar dokokin jihar mai kujeru 30 babu mace ko ɗaya a cikinta, alhali layin mata ne ya fi tsawo a ranar zaɓe. Su ake nema da taliya, sabulu da turmin atamfa, su ake mantawa wajen rabon muƙami. A zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoban 2024, wata uku bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin ba su kuɗinsu kai tsaye, APC ce ta kwashe shugabanci 27 duka. Da wuya a yarda cewa jama'ar da ta raba ƙuri'a a 2023 ta koma baki ɗaya cikin shekara guda da rabi. Haka PDP ma ta riƙa yi a zamaninta.

Idan akwati bai ɗauki ƙorafi ba, titi ke ɗauka. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agustan 2024 ta rikiɗe a Dutse har gwamnati ta sa dokar hana fita. Ɓarnar da aka yi ba ta da uzuri, amma yunwar da ta fito da mutane gaskiya ce.

A ganina, mai zaɓe a Jigawa ta Tsakiya ya riga jam'iyyu wayewa. Abin da ya rage kafin 2027 shi ne ƙungiyoyin matasa, mata da manoma su daina jiran ranar zaɓe. Su yanki katin jam'iyya, su nemi kujerun mazaɓa inda ake fitar da daliget, su kuma tambayi kowane shugaban ƙaramar hukuma nawa ya shigo asusunsa a wata, ina aka kai shi.