Yadda gado kan raba nakasasshe da tallafinsa a Amurka

A Amurka, tallafin SSI da gwamnatin tarayya ke bai wa nakasassu marasa galihu yana da sharaɗi mai tsauri. Dukiyar mutum kada ta haura dala 2,000, ta ma'aurata kuwa dala 3,000. Tun 1989 ba a ƙara ko sisi a kan wannan iyaka ba, duk da tsadar rayuwa.

To, idan mahaifi ya rasu ya bar wa ɗansa nakasasshe dala 10,000 fa? A watan da kuɗin suka shigo hannunsa, ana lissafa su a matsayin kuɗin shiga. Abin da ya rage zuwa wata mai kamawa kuma ya zama dukiya, sai a dakatar da tallafin. Babbar asarar ma ita ce ta magani, domin a yawancin jihohi inshorar Medicaid tana tafiya ne tare da SSI.

Ƙin karɓar gadon ko kyautar da shi ba mafita ba ne, don yana iya jawo hana mutum tallafi har tsawon wata 36. Gidan da yake zaune da mota ɗaya dai ba a ƙirga su. Doka ta kuma yarda a zuba kuɗin cikin asusun amana na musamman, ko asusun ABLE, wanda ba a lissafa dala 100,000 na farko da ke cikinsa.

Mai karɓar SSDI, wato tallafin da ya dogara da aikin da mutum ya taɓa yi, gado ba ya shafarsa. Wanda ya fi kowa talauci shi aka ɗora wa wannan wahala, kuma rashin adalci ne.