Nauyi Iri Biyu: Matsalar Kalma Wajen Bayanin Ƙwayoyin Cikin Zarra

Duk malamin da ya taɓa koyar da kimiyya cikin Hausa ya san inda kalmar "nauyi" take cije masa. Kalmar ɗaya ce, amma abubuwa biyu take ɗauke da su. Alal misali, in aka kai buhun gero duniyar wata, ɗaukarsa za ta yi sauƙi har ninki shida, domin jan da wata yake yi kashi ɗaya ne cikin shida na jan ƙasa. Amma ko tsaba ɗaya ba ta ragu ba. Abin da ya sauya muna iya kiransa nauyin ja, wanda bai sauya ba kuwa, a ganina, nauyin zati ya fi dacewa da shi. Na biyun ne ake nufi in ana zancen ƙwayoyin da ke cikin zarra.

Babu sikelin da zai auna su. A shekarar 1897 J. J. Thomson, a Kambirij ta Ingila, ya gano ilaktaron ta hanyar lura da yadda wutar lantarki da maganaɗisu suke karkatar da shi daga hanyarsa. Abu mai yawan nauyin zati ba ya karkatuwa da sauƙi, watau taurin kansa ake aunawa. Abin da Thomson ya samu shi ne nisbar caji da nauyi kawai. Sai da Robert Millikan ya auna cajin kansa da ɗigon mai a Amurka, daga 1909, sa'an nan nauyin ya fito fili.

Furoton, wanda ke zaune a cibiyar zarra, ya ninka ilaktaron sau 1,836. Duk da haka, kafin a tara giram guda sai an haɗa furoton da yawansu ya kai lamba 6 mai sifili 23 a bayanta. Niyutoron, da James Chadwick ya gano a 1932, ya ɗara furoton da abin da bai kai kashi biyu cikin dubu ba. Wannan 'yar tazara ba abin rainawa ba ce. Saboda ita ne niyutoron da ke shi kaɗai yake rikiɗewa ya zama furoton cikin kimanin minti 15. Da furoton ne ya fi nauyi sosai, da shi ne zai riƙa rikiɗewa, da kuwa haidurojin bai dawwama ba, balle a sami ruwan sha.

Inda bayanin makaranta yake tuntuɓe shi ne cewa nauyin zati "yawan abin da ke cikin jiki" ne. Cibiyar hiliyam furoton biyu ce da niyutoron biyu, amma in aka auna ta sai a tarar ta gaza jimlarsu da wajen kashi 7 cikin dubu. Giɓin ya fita ne a matsayin makamashi, bisa ƙa'idar da Einstein ya kafa a 1905 cewa nauyi da makamashi suna musanya. Irin wannan giɓi ne ke hura wutar rana. Furoton kansa ya fi ban mamaki. Ƙananan ƙwayoyi uku da ake kira kuwak, waɗanda suka gina shi, ba su ba da fiye da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Ragowar duka daga motsinsu ne da ƙarfin da ya ɗaure su. Ke nan mai fassara ya guji kalmomi irin su "cika" da "tari" a nan, domin suna sa ɗalibi ya ɗauka furoton mudu ne da aka cika da tsaba.