Daga fishiye zuwa rumbun bayanai: misalin ƙamus na hausa

A cikin wannan takarda za mu bayyana yadda ake kwashe ƙamus daga fishiye zuwa rumbun bayanai. Misalinmu shi ne ƙamus hausa-faransanci na shirin Soutéba (2008), wanda shirin DiLAF ya maida XML, ya zuba cikin Jibiki. Aikin matakai uku gare shi.

1. Haruffa. Tsofaffin fishiye sukan ajiye ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a ƙarƙashin lambar wasu haruffa. Sai a ba kowanne lambarsa ta Unicode (ƙ = U+0199). In an yi sake, ƙafa na iya komawa kafa, ɓari ya koma bari.

2. Alamomi. Kowane yanki ya samu alamarsa: kalmar kanta, lafazi, ajin nahawu, ma'ana, misali, fassara.

3. Zubawa. Muna nuna ma lojisiyel gurbin kowace alama, mu ƙirga kalmomi kafin zubawa da bayanta. In lissafi bai zo daidai ba, wani abu ya salwanta.

Na'ura ba ta jin hausa. Abin da aka ba ta shi take ajiyewa. Saboda haka wajibi ne masanin harshe ya duba matakai biyu na farko da idonsa, tun kuskure guda bai bazu cikin dubban kalmomi ba.