Makokin Abokin Musu

Ranar 24 ga Maris, 1970, ɗaruruwan mutane suka hallara a zauren taron kamfanin ɗab'i na Kodansha da ke birnin Tokyo domin makokin wani ɗan dambe mai suna Rikiishi Toru. An kafa dandalin dambe a cikin zauren, malamin addinin Buddha ya zo ya yi nasa karatun, kuma fitaccen marubucin wasan kwaikwayo Terayama Shuji ne ya jagoranci shirya taron. Mamacin kuwa babu uwar da ta haife shi. Yana cikin labarin zane ne mai suna Ashita no Joe, wanda Kajiwara Ikki ya rubuta, Chiba Tetsuya ya zana, ana buga shi mako-mako a mujallar Shonen Magazine daga 1968 zuwa 1973.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Rikiishi ba shi ne gwarzon labarin ba. Gwarzon shi ne Yabuki Joe, maraya ɗan unguwar talakawa, wanda ya gamu da Rikiishi a gidan horon yara masu laifi, gaba ta ƙullu tsakaninsu. Masu karatu sun daɗe suna jiran ranar da Joe zai kai shi ƙasa. To amma Rikiishi ya fi Joe girman jiki, kuma a damben zamani ba a haɗa mutum biyu sai ajin nauyinsu ɗaya, na Joe kuwa ba ya wuce kilo 53 da rabi. Sai Rikiishi ya hana kansa abinci da ruwa, har aka ɗaure famfuna da waya don kada ƙishirwa ta rinjaye shi. Ya hau dandali a rame, ya kayar da Joe a turmi na takwas. Joe ya miƙa masa hannu su gaisa, sai Rikiishi ya yanke jiki ya faɗi. Bai sake tashi ba.

Duk mai zama teburin mai shayi ya san irin wannan mutumin. Kullum da safe yana nan a ƙarshen benci, in ka ce fari ya ce baƙi, in ka yabi ƙungiyar ƙwallonka ya lissafo maka ranakun da aka lallasa ta. Ba danginka ba ne, wataƙila ko ƙofar gidansa ba ka sani ba. Kakan kwana kana haɗa hujjar da za ka rufe masa baki da ita gobe. Sai wata safiya ka zo da hujjarka a shirye, ka tarar wurinsa fayau, mai shayi ya ce ai jiya bayan isha'i Allah Ya yi masa rasuwa. A nan ne za ka gane cewa rabin abin da ke fito da kai daga gida shi ne. Za ka tambayi kwatancen gidan ka tafi gaisuwa, kuma hirar bencin za ta daɗe ba ta koma daidai ba, domin kowa ya faɗi magana sai a gyaɗa kai kawai. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma matasan Japan sun yi shekara biyu suna haɗuwa da Rikiishi kowane mako, suna jin haushinsa, suna girmama shi ba tare da sun lura ba.

Akwai masu cewa taron makokin Rikiishi talla ne, tunda mako guda bayansa aka fara nuna labarin a talabijin. Lallai kamfani bai yi asara ba. Sai dai talla ba ta iya sa mutum baƙin cikin da babu shi a zuciyarsa, iyakarta ta buɗe masa zauren da zai zauna. Ni ban ga wauta a zuwan waɗannan mutane ba. Sun ga wanda ya azabtar da jikinsa don kawai ya cika alkawarin karawa da abokin hamayyarsa, suka ga ya cancanci a taru dominsa.

Marubutan ma ba su yi wa masu karatu rowar wannan baƙin ciki ba. Ba su dawo da Rikiishi ta wata dabara ba, ba su kuma bar Joe ya share hawaye ya wuce ba. Bayan mutuwar, Joe ya kasa kai wa kowa naushi a ka, ranar da ya tilasta wa kansa sai ya yi amai a kan dandali. Ya yi ta shan kaye, har ya koma yawon damben ƙauye. Sai da labarin ya kawo wani ɗan damben Venezuela mai suna Carlos Rivera kafin Joe ya sake samun wanda ya isa ya tsaya a gabansa, hannunsa ya saki.