Daga Bosso zuwa Yamai: mota ko jirgi?

Hutu ya ƙarato, ma'aikatan Bosso masu iyali a Yamai sun fara lissafi: a bi hanya ko a hau jirgin sama?

Ko wanne aka zaɓa, sai an fara sauka Diffa, tafiyar kimanin kilomita 100, domin can filin jirgi yake. Tun harin Boko Haram na Fabrairun 2015, wannan yanki na bakin Komadugu da rana ake ratsa shi.

Daga Diffa, hanyar RN1 ta kai kimanin kilomita 1,360: Maine-Sorowa, Gure, Damagaram, Maraɗi, Ƙonni, Dosso, sannan Yamai. Mota na cin kusan kwana biyu, ga shingayen jandarma, ga gajiya. Amma kuɗinta da sauƙi, tana ɗaukar buhun tattasai na tsaraba, kuma mutum na iya yada zango a Damagaram ya sada zumunci.

Jirgi kuwa, irin jigilar cikin gida da Niger Airlines ya fara a 2014, sa'o'i kaɗan ne. Sai dai tikitinsa ya ninka na mota sau da yawa, kuma kaya da awo.

Mu a ganinmu, tsawon hutun ne alƙali. Mai sati guda, ko mai rakiyar tsoho ko majinyaci, kwana huɗu na zuwa da dawowa asara ce: ya tabbatar da ranar tashin jirgi kafin ya baro Bosso. Mai wata guda da yara biyar kuwa, ya yi sammako zuwa tasha. Allah ya kiyaye hanya.