Mai aikin kansa, ka tsara makonka kafin ya cinye ka

Wata cuta tana yaɗuwa a cikin matasanmu masu aikin kansu: masu zane a kwamfuta, masu fassara, masu ɗaukar hoton biki, masu haɗa bidiyo, da masu karɓar aiki a Fiverr da Upwork. Cutar ita ce aiki ba tsari. Babu oga a kanka, babu mai tambayar ƙarfe nawa ka zo, sai ka ɗauka mako ba ya ƙarewa. Litinin ta tafi a WhatsApp, Talata a zaman makoki, Laraba ba wuta, sai ga ka daren Alhamis idanu jajir a gaban kwamfuta, ayyuka uku duk gobe masu su za su karɓa.

Mun san wannan hali a wurin telan da ke tara yadi ana gab da salla, kowa ya zo ya ce masa "dawo jibi". Sai dai telan unguwa yana cin albarkacin sanayya, a yi masa faɗa a haƙura. Wanda ya ba ka aiki ta intanet bai san gidanku ba. Ka makara, ya rage maka taurari, ya rubuta abin da duk mai neman ma'aikaci zai karanta, kasuwarka ta mutu ba tare da ka ji ƙarar faɗuwarta ba. Jarin mai aikin kansa alƙawari ne, alƙawari kuwa kaya ne.

Hasara ta biyu a jiki take. Agogon birnin New York yana bayan namu da awa 5 ko 6, saboda haka in wanda ya ba ka aiki a can yake, yammacinsa shi ne darenka. Wanda bai yanke lokacin amsa saƙo ba zai kwana da waya a hannu, asuba ta wuce shi, ya tashi da ciwon kai. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa yin aiki awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, idan aka kwatanta da awa 35 zuwa 40. Dalar da ka raba dare a kanta ba za ta saya maka lafiya ba.

Maganin littafi ne da biro. Yammacin Lahadi ka zauna ka lissafa: mako awa 168 ne. Fitar da barci, salla, Juma'a, iyali da zumunci. Abin da ya rage shi ne hajarka, kada ka sayar da fiye da shi. Aiki mai nauyi ka ajiye shi bayan asuba, waya tana kashe, domin da sanyin safe ake kama fara. Ka bar yini guda fili saboda ɗaukewar wuta, katsewar intanet ko rasuwa. In aikin kwana uku ne, ce wa mai shi biyar. In makonka ya cika, ce masa ya cika, taura biyu ba ta taunuwa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada ku jira sai sunanku ya ɓaci ko jikinku ya gaza. Wannan Lahadin, ku ɗauki biro ku rubuta makonku kafin ku karɓi wani sabon aiki.