Ciwo a gwiwa, hoto a ƙirji

Ɗan ƙanena yana da shekara 15 lokacin da gwiwarsa ta fara ciwo. A Kwatano muke, yana taya ni sayar da atamfa bayan makaranta. Muka ce targaɗen ƙwallo ne, muka kai shi wurin mai ɗori. Wata huɗu ana shafa ana ɗauri, kumburi sai ƙaruwa, barcin dare ya gagara.

A asibiti likita ta ce sankarar ƙashi ce, a ɗauki hoton ƙirji. Na ce, "Likita, ƙafa ke ciwo, me ya kawo ƙirji?" Ta ce, "Alhaji, zauna ka ji."

Ga abin da na riƙe. Wannan sankara ta fi kama matasa masu tasowa, galibi kusa da gwiwa. Ƙwayoyinta kan fitar da sinadarai, MMP-2 da MMP-9, masu narka naman da ke kewaye, kamar ɓarawo yana haƙa katanga. Wani kuma, VEGF, shi ke sa sabbin hanyoyin jini su tsiro, ƙwayoyin su faɗa ciki. Jinin da ya baro ƙafa sai ya bi ta zuciya ya wuce huhu, inda hanyoyin suka fi gashi siranta. Nan ne shingen farko, nan suke maƙalewa.

Huhu ma yana da masu gadi. Akwai furotin a cikinsa mai kashe ƙwayar da ke ɗauke da alamar Fas, don haka wadda ta ɓoye alamar ita ke tsira. Wani furotin, ezrin, yana taimaka mata ta kafu a baƙon wuri. Yawancinsu mutuwa suke yi, amma 'yan tsirarun da suka rage sun isa ɓarna.

Shi ya sa a da, kafin zuwan maganin kashe sankara a shekarun 1970, ko an yanke ƙafa, kusan takwas cikin goma sukan rasu. Yau, idan ba ta bazu ba, kusan bakwai cikin goma suna wuce shekara biyar. In ta kai huhu, ba su fi uku ba.

An ga ɗigo biyu a huhun yaronmu. Yana karɓar magani, muna roƙon Allah. Wata huɗun nan kuwa har yau suna ci mini rai.

'Yan'uwa, yaro ya yi makonni yana kukan ƙashi, musamman da dare, ko kumburi ya ƙi saɓewa, a rufe shago a kai shi hoto. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi.